Hoton Fure a Gaban Kwastan: Yadda Ake Ba Kayan Adon Bango Lambar Kuɗin Fito

Lacca ga 'yan kasuwa da ɗaliban harkar ciniki a birnin Bauchi

 

  

An nemi in yi bayani a kan yadda Hukumar Kwastan ke ba kaya lamba kafin ta yanka musu kuɗin fito. Fannin yana da faɗi, domin littafin lambobin ya ƙunshi kusan duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa, daga raƙumi mai rai har jirgin sama. Saboda haka na zaɓi haja guda wadda kowa a nan ya sani, wato hoton fure mai firem da ake ratayawa a bango, in bi ta daki-daki. Wanda ya fahimci yadda ake yi da ita, zai iya auna sauran kayansa da kansa. Maganata a taƙaice ita ce: kwastan ba ya tambayar sunan da kasuwa ta raɗa wa kaya, abin da yake tambaya shi ne da me aka yi shi, ta yaya aka yi shi. Ɗan kasuwar da bai iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ba, ya miƙa wa wani linzamin dukiyarsa.

Me ya sa hoton fure?

Duk wanda ya shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a lokacin bukukuwan aure zai ga firem-firem jingine a bakin shaguna: wani da jan wardi, wani da farin fure a cikin tulu, wani haɗin uku wanda sai an jera su a bango hoton ke cika. Kasuwarsu tana da tushe a al'adarmu. Jeren ɗakin amarya ya faro daga ƙore da tasoshi, ya koma kwanukan fenti, waɗanda su ma zanen fure ne a jikinsu, ya zo kan kabet da kayan tangaran, yau kuma bango ya samu nasa rabon. Sannan gidaje da yawa suna ƙyamar rataya hoton abu mai rai saboda abin da malamai suka karantar, don haka fure da itatuwa da rubutun ayoyi suka mamaye bangon falo.

Mafi yawan waɗannan kaya daga Sin suke zuwa, musamman daga babbar kasuwar Yiwu da ke lardin Zhejiang da kuma Guangzhou. Sukan sauka a Apapa ko Tin Can ko Lekki a Legas, ko Onne a Jihar Ribas, su hau tirela zuwa Kano, daga can 'yan sari su ɗauko su zuwa nan. Duk kuɗin da aka biya a bakin teku yana cikin farashin da uban amarya zai biya a Wunti.

Daga ina lambar ta fito?

Biyan kuɗi a kan kayan fatauci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake sun biya fito a mashigar koguna da ƙofofin birane, Turawan mulki ma sun karɓi harajin ayari har zuwa 1907. A wancan zamani ido da ciniki ke yanke hukunci. Yau lamba ke yankewa.

Lambar tana fitowa ne daga wani tsari na bai ɗaya da ake kira HS, wanda Ƙungiyar Kwastan ta Duniya mai hedikwata a Brussels ke kula da shi. An ƙulla yarjejeniyarsa a 1983, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 suna amfani da shi. An kasa shi sashe 21, da babi daga 1 zuwa 97, da rukunin kaya fiye da 5,000. Kowane rukuni yana da alƙaluma shida: biyun farko babi ne, biyu na tsakiya su nuna kan magana a cikin babin, biyun ƙarshe su ƙara tantancewa. Waɗannan shida iri ɗaya ne a Shanghai da Dubai da Legas. Ana sabunta littafin lokaci-lokaci. Bugun da ake aiki da shi yanzu na 2022 ne, na gaba zai fara aiki a Janairun 2028.

Ƙasashen ECOWAS sun ƙara alƙaluma huɗu a kan shidan, suka zama goma, suka kuma amince da kuɗin fito na bai ɗaya a taron Dakar na Oktoban 2013. Tsarin ya fara aiki a 2015. Matakansa biyar ne. Kayan buƙatar al'umma na dole ba su da fito. Ɗanyen kaya da injunan masana'antu kashi 5 cikin 100. Kayan da aka sarrafa rabi, waɗanda wata masana'anta za ta ƙarasa, kashi 10. Kayan da aka gama, sai amfani, kashi 20. Kayan da ake so a kare masu yin su a gida, kashi 35. Kayan ado abin da aka gama ne, don haka galibinsu a matakin kashi 20 ake sa ran samunsu.

A nan gida, dokar da hukumar ke aiki da ita yanzu ita ce Dokar Hukumar Kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta tun kafin samun 'yancin kai. Mu mutanen Bauchi ba baƙi ba ne a wannan harka. Hedikwatar Shiyya ta D ta hukumar a garin nan take, kuma Kanar Hameed Ali mai ritaya, ɗan jihar nan, ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2023. Wanda ya gaje shi, Bashir Adewale Adeniyi, an zaɓe shi shugaban majalisar Ƙungiyar Kwastan ta Duniya a 2025.

Ido ya ga abu ɗaya, littafi ya ga abu da yawa

Yanzu mu buɗe kwali. A ce ga firem biyar a kan teburin nan, girmansu ɗaya, kowanne da jan fure, kuma mai shago zai kira su duka "firem". Ga yadda littafin ke rarraba su.

Na farko inji ne ya buga shi a kan takarda ko ƙyalle. Wannan bugaggen abu ne, gidansa babi na 49, tare da littattafai da jaridu da kalanda. Lambarsa 4911.91, ta hotuna da zane-zanen da aka buga. Ko da na'ura mai aiki da kwamfuta ce ta fesa tawadar, littafin ya ɗauke shi bugu. Mafi yawan abin da ke shagunanmu irin wannan ne.

Na biyu mutum ne ya zana shi da burushi da fenti, tun daga farko har ƙarshe. Wannan ya tafi babi na 97, na ayyukan fasaha, ƙarƙashin 97.01. Sharaɗin shi ne a ce hannu kaɗai ya yi aikin. Ba a tambayar ko mai zanen shahararre ne, ko kuma kwaikwayon zanen wani ya yi. Akwai wata unguwa a Shenzhen da ake kira Dafen, inda dubban masu zane suka yi suna wajen kwafar zane da hannu don fitarwa waje. Abin da suka zana da hannu zalla, nan yake shiga.

Tsakanin waɗannan biyu akwai tarko. Masana'antu sukan buga hoto da inji a kan ƙyalle, sannan wani ma'aikaci ya bi wasu ganyayyakin da burushi, ko a shafa wani farin danƙo mai ƙyalli wanda idan ya bushe sai ya yi tudu-tudu kamar sawun burushi. Mai sayarwa zai rantse maka zanen hannu ne. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka karkata hoton wajen haske, ka duba ko tudun fentin ya bi siffar furen, ko kuwa ya ratsa fure da tulu da bango ba tare da la'akari da abin da ke ƙasa ba. Ka ɗora gilashin ƙara girma a inda launi ya yi haske: bugun inji zai nuna maka ɗige-ɗige ƙanana a jere. Sannan ka fito da biyu daga kwali ɗaya ka haɗa su gefe da gefe. Idan kowane ganye ya zo daidai da ɗan'uwansa ba bambancin ko gashi ɗaya, to inji ne, hannun mutum ba ya maimaita kansa haka. Irin wannan, duk da an taɓa shi da burushi, yana nan a 49.11.

Na uku furen gaske ne aka busar, aka danne shi ya baje, aka liƙa a kan kwali da ganyaye har ya ba da siffar hoto, aka rufe da gilashi. Mutum zai zaci babi na 6 ne gidansa, inda 06.03 ta tattara yankakkun furanni, ɗanyu da busassu. Amma bayanin da ke kan babi na 6 ya faɗa a fili cewa ba ya ɗaukar hoton da aka harhaɗa ta hanyar liƙe-liƙe, ya tura shi 97.01. Wato busasshen fure a ɗaure cikin dami babi na 6 ne, amma da zarar an shirya shi ya zama hoto a kan allo, ya canza gida.

Na huɗu fulawar roba ce ko ta ƙyalle, mai tudu, a cikin firem mai zurfi kamar akwati. Lamba 67.02 ta tanadi furannin da ba na gaske ba da abubuwan da aka yi da su: 6702.10 idan na roba ne, 6702.90 idan na ƙyalle ne ko takarda. A nan ake yawan samun saɓani. Idan damin fure ne kawai aka sa a akwati, 67.02 ta fi kusa. Idan kuwa an yayyanka abubuwa iri-iri an liƙa su sun haɗu sun zama hoto, to 97.01 ma tana da hujja. Kuma idan an zuba furen ne a mazubi, ya fito dunƙule guda da allonsa, ya fita daga 67.02 gaba ɗaya, ya koma ga abin da aka yi shi da shi. Na roba yakan faɗa 3926.40, ta kayan ƙawa na roba.

Na biyar yana da agogo a tsakiyar furannin. Idan agogon ne ginshiƙin abin, 91.05 ce, ta agogon bango. Da madubi ne aka yi wa adon fure a gefe, da sai 70.09. Da kwanan wata ne a ƙasansa, da sai 49.10, ta kalanda.

To, shi firem ɗin fa?

Firem da babu komai a cikinsa yana da tasa lambar: na katako 44.14, na ƙarfe 8306.30, na roba kuma babi na 39. Amma idan ya zo da hoto a ciki, ƙa'idar babi na 97 ita ce firem yana bin hotonsa, muddin irinsa da darajarsa sun dace da hoton. Idan aka sa zanen naira dubu biyar a cikin firem na azurfa, sai a raba su, kowa ya biya nasa.

Ga wani abu da kowa ya taɓa gani. Akwai firem da ake sayarwa don mutum ya sa hoton ɗaurin aure ko takardar shaidar makaranta. A cikinsa akwai wata siririyar takarda mai hoton fure, da girman firem ɗin rubuce a kusurwa, a bayansa kuma ga 'yan maƙalai da ake lanƙwasawa a cire allon. Wannan takarda ta cike gurbi ce, wanda ya saya zai yar da ita. Kayan nan firem ne, ba hoto ba, kuma lambar firem zai ɗauka. Wanda aka manne bayansa da takarda da gam, ba a yi shi don a buɗe ba, shi ne hoto mai firem.

Ƙa'idojin da ke raba gardama

Littafin yana da ƙa'idoji shida na fassara, kuma bi da bi ake amfani da su. Uku daga ciki sun ishe mu yau. Ta farko ta ce a fara da lafazin lambar da bayanan da ke kan sashe da babi. Sunan babi jagora ne kawai, ba hujja ba. Da wannan kaɗai muka warware maganar busasshen fure. Ta uku ta zo ne domin kayan da suka haɗa abubuwa da yawa, kamar katako da gilashi da takarda: a fifita lambar da ta fi siffanta kayan, in ba a samu ba, a duba wane ɓangare ne ya ba kayan ainihinsa, in an rasa, a ɗauki lambar da ta zo ƙarshe a jeri. Wanda ya sayi hoton fure saboda furen ya saya, don haka hoton ne ainihi, ko da katakon ya fi shi nauyi. Ta shida ta ce haka za a sake bi wajen zaɓen alƙaluma na biyar da na shida.

Kada a zaci mu kaɗai ke wannan jayayya. A 1926 wani mai sassaƙa ɗan Romaniya mazaunin Faris, Constantin Brancusi, ya kai wani aikinsa na tagulla birnin New York, ya ce siffar tsuntsu ce a sararin sama. Jami'an kwastan na Amurka suka duba, ba fiffike, ba baki, ba ƙafa, suka ce wannan ƙarfe ne da aka sarrafa, suka yanka masa kashi 40 cikin 100, alhali aikin fasaha ba ya biyan komai a dokarsu. Magana ta kai kotu, a 1928 alƙalai suka ba Brancusi gaskiya. Darasin da ke ciki shi ne jami'i yana iya kuskure, kuma wanda ke da hujja a rubuce yana iya ƙalubalantarsa ta hanyar doka.

Abin da lamba ke jawowa

Mu yi lissafi na misali. A ce kuɗin kaya da na jirgi da inshora sun kama naira miliyan 10. A matakin kashi 20, fito miliyan 2 ne. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, ana ɗora shi a kan kuɗin kaya haɗe da fito, wato a kan miliyan 12, ya ba da 900,000. Da a matakin kashi 5 aka shigar da kayan, fito 500,000 ne, VAT kuma 787,500. Bambancin ya haura miliyan 1.6, ban da sauran ƙananan kuɗaɗen da ake ɗorawa. Wannan tazara ce ke sa wani ejan ya rubuta gamammen kaya a lambar ɗanyen kaya, ya ce wa mai kaya ya samo masa sauƙi. Ranar da aka buɗe kwantena aka ga saɓani, sai a fitar da takardar cikon kuɗi da 'yan fito ke kira DN, ga tara, ga kuɗin kwanan kaya a tasha yana hawa kullum. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, idan duk lambobin nan a mataki ɗaya suke, mene ne abin damuwa? Lamba ba fito kaɗai take yankewa ba. Da ita ake buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, a banki, da ita kwastan ke fitar da takardar ƙiyasin fito da ake kira PAAR, da ita ake kwatanta farashin da ka bayyana da na waɗanda suka shigo da irin kayan kafin kai. Ita ke nuna ko kayan na buƙatar takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kamar masu aiki da lantarki, ko izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, kamar busassun ganyaye. Kuma ba mu manta ba, daga Yunin 2015 zuwa Oktoban 2023 Babban Bankin Najeriya ya hana wasu rukunan kaya samun dala ta hanyar hukuma, ciki har da kayan gilashi da na roba. A shekarun nan, rukunin da kayanka ya faɗa shi ke nuna ko a banki za ka sayi dala ko a kasuwar bayan fage.

Mu da ke nesa da teku, abin ya fi shafarmu. Kayan da ya bar Legas zai ratsa shingaye kafin ya iso, kuma jami'an sintiri na hukumar suna da ikon kwatanta takarda da abin da ke cikin mota. Ƙananan 'yan kasuwarmu kuma yawanci haɗaka suke yi, mutum goma ko ashirin a kwantena ɗaya, kowa ya biya kuɗin kwalayensa ga mai kamfanin dako, bai taɓa ganin takardar fito da idonsa ba. Idan aka rubuta "kayan ado" a dunƙule, ko mutum ɗaya ya ɓoye abin da bai bayyana ba, kayan kowa ne zai kwana.

Shawarwari

Na farko, tun a wajen saye a sa mai masana'anta ya rubuta cikakken bayani a takardar farashi: bugun inji ne ko zanen hannu, a kan takarda ko ƙyalle, firem na katako ko na roba, akwai gilashi ko babu, akwai agogo ko fitila ko babu. Kowane iri da layinsa da farashinsa.

Na biyu, lambar da ɗan Sin ya rubuta a takardarsa, alƙaluma shidan farko ne kaɗai suka shafe mu, su ma sai an tantance, domin shi ya zaɓe su ne don buƙatar fitar da kaya daga ƙasarsa. Sauran huɗun a littafin ECOWAS ake duba su, kuma yana nan a shafin hukumar na intanet.

Na uku, a yi aiki da ejan mai lasisi, a tambaye shi wace lamba ya sa da dalilinsa, a karɓi kwafin takardun a adana. A gaban doka mai kaya ba ya kuɓuta da cewa ejan ne ya rubuta.

Na huɗu, a 2024 hukumar ta ƙaddamar da tsarin neman hukunci tun kafin kaya ya taso. Mutum zai gabatar da bayanin kayansa, a ba shi lamba a rubuce wadda jami'an tasha za su yi aiki da ita. Ga kaya mai rikitarwa irin fulawar roba a firem mai zurfi, wannan ce hanya mafi aminci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su iya taimaka wa mambobinsu wajen cike takardun, su kuma nemi ofishin shiyya da ke garin nan ya riƙa shirya musu bita.

Na biyar, ga ɗalibanmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya da na jiha: sanin lambobin kwastan sana'a ce mai zaman kanta. Da buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna a 2018, da Dala a Kano a 2023, da Funtuwa a 2024, aikin fito yana matsowa arewa, kuma yana buƙatar waɗanda suka iya karanta littafin.

Ga masu aikin kafinta da masu buga hoto a garin nan kuma, lissafin da muka yi ɗazu albishir ne. Hoton da aka buga a Bauchi, aka yi masa firem a Bauchi, ba ya biyan fito, ba ya biyan kuɗin jirgi, ba ya fashewa a hanyar Legas. Abin da ya rage shi ne a kyautata gamawa har uwar amarya ta ɗauka ba tare da ta tambayi na waje ba.